Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Yi Mutum Ya Ji Magana Ya Gane Ta?

Filin namu na wannan mako wasiƙu biyu ne suka cinye shi, kuma da yake duk hanya ɗaya suka bi, sai muka haɗa su muka amsa tare. Ga amsar nan a rubuce kamar yadda muka saba, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani mai saurarenmu, ɗan kasuwar hatsi a Dandume. Bayan gaisuwa, ya ce sun yi ciniki ta waya da wani abokin hulɗarsa. Shi ya ce buhu goma sha biyu, wancan kuwa ya rantse goma sha biyar ya ji. Dukansu biyu ba a san su da ƙarya ba, amma ga shi magana ta kai har gaban manyan kasuwa, zumuncin shekaru yana neman lalacewa. Yana tambaya, shin zai yiwu mutum ya rantse a kan abin da ya ji da kunnensa alhali ba haka aka faɗa ba, kuma ya zamana ba ƙarya yake yi ba?

Ta biyu kuma wata baiwar Allah ce daga Malumfashi. Ta ce mahaifinta ya haura shekara saba'in, kullum ƙorafinsa shi ne yana jin ana magana amma ba ya gane abin da ake cewa. 'Yan gida sun yanke cewa ganin dama ne kawai, domin in aka ambaci sunansa, ko aka yi zancen kuɗi, nan take yake juyowa. Har wasu sun daina sa shi cikin shawara.

To Alhaji, amsarka ita ce zai yiwu ƙwarai da gaske. Ke kuma malama, tsohon nan gaskiya yake faɗa muku. Ga dalili.

Mu fara da kalmar "ji" ita kanta, domin Bahaushe ya ɗora mata kaya da yawa. Da ita muke jin ƙara, da ita muke jin Hausa ko Fulatanci, da ita muke jin yunwa da sanyi da ƙanshi, yaron da ya gagari iyayensa ma mu ce ba ya ji. Da yake kalmar ɗaya ce, sai muke ɗauka aikin ma ɗaya ne, alhali kuwa aiki biyu ne kuma ma'aikata biyu ke yin sa. Kunne ɗan dako ne, nasa ya ɗauko kaya ya kai. Ƙwaƙwalwa ce mai shagon da ke kwance ɗauri ta san abin da aka kawo.

Ita magana iska ce da ke kaɗawa. In ta shiga ramin kunne sai ta bugi wata 'yar fata da muke kira dodon kunne, kamar yadda makaɗi ke bugun fatar ganga. A bayan fatar akwai wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku, ƙaraminsu bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, su ke miƙa bugun zuwa wani ɗan abu mai naɗi kamar katantanwa, cike da ruwa, girmansa bai wuce na ƙwayar wake ba. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 15,000 a jere. Na bakin ƙofa su ke amsa siririn sauti, na can ƙurya kuma su amsa mai kauri. A riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo maganar tsoho. Daga nan sai jijiya ta kwashi saƙo ta kai ƙwaƙwalwa, aikin kunne ya ƙare ke nan.

Abin da ɗan dakon nan yake kaiwa kuwa, ba a ware yake kalma-kalma ba. A takarda ne muke barin fili tsakanin kalmomi, a baki babu wannan fili. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Funtuwa ya ji direbobin Kudu suna hira da yarensu ya san haka. Za ka ji abin kamar igiya ɗaya miƙaƙƙiya, ba ka san inda wata kalma ta tsaya wata ta tashi ba, har ka ce mutanen nan sun cika saurin magana. Su ma abin da suke faɗa a kanmu ke nan. Amma in Bahaushe ya ce maka "ba ba ka zan yi ba", ba za ka ji an ambaci baba ko baka a ciki ba, domin ƙwaƙwalwarka ta san inda za ta sa wuƙa ta yanka.

Bugu da ƙari, ba ma cika faɗin kalma a cike ba. "Ya yi" ta koma "yai", "Allah ya ba mu alheri" ta koma "Alla ba mu alheri", sallamar da ake yi a ƙofar zaure kuwa wani lokaci rabinta ma ba ya fita daga baki, amma a amsa. A farkon shekarun 1960 wasu masana biyu a Amurka, Pollack da Pickett, sun ɗauki hirar mutane a faifai, suka riƙa yanko kalma ɗaya-ɗaya suna kunna wa wasu. Kusan rabin kalmomin ne kawai aka iya ganewa. Da aka haɗa kowace da maƙwabtanta, sai ga shi an gane. Ashe rabin abin da muke jin mun ji, maƙwabta ne suka ba da shaidarsa.

Tsere a cikin kai

Ƙwaƙwalwa ba ta jira a gama faɗin kalma. Da mai magana ya buɗe baki ya ce "ma", duk kalmomin da ka sani masu farawa da haka sun miƙe tsaye, magani, makaranta, mangwaro, masara da sauransu. Ya ƙara ya ce "masa", wasu sun zauna, saura masara, masallaci, masassara, masassaƙi. Ya kai "masar", to saura masara da masarauta da ƙasar Masar, wadda dama daga sunanta masarar ta samo nata. In kuwa a kasuwar hatsi kuke tsaye, gaban buhuna, ai tun a "mas" an gama tsere, masara ta ci. Wani masani ɗan Ingila, William Marslen-Wilson, shi ya yi fice a wannan bincike a shekarun 1970. Ya sa mutane su riƙa maimaita maganar da suke ji nan take, sai ya tarar akwai waɗanda ratar da ke tsakaninsu da mai maganar ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa ba, wato kafin kalma ta ƙare sun kama ta. Wani abin mamaki kuma, in aka karkata wata kalma da gangan, sau da yawa sai su faɗe ta daidai, ba su ma lura an ɓata ta ba.

Wannan gaggawa rahama ce, domin ba don ita ba da hira ba ta yiwu ba. Amma ita ce kuma ta haɗa Alhajinmu na Dandume da abokinsa.

Duba lambobinmu da kyau. Goma sha biyu da goma sha biyar tafiyarsu ɗaya har kusan ƙarshe. Abin da ya raba su ɗan kaɗan ne, wutsiyar kalma, da kuma saukar murya a gaɓar farko ta biyar. Bakwai da takwas cikinsu ɗaya, hawa da saukar muryarsu ma ɗaya, kai da wutsiya kawai suka bambanta. Talatin da tamanin haka. Arba'in da saba'in da casa'in kuwa kamar 'yan uwa uku ne da aka yi wa ɗinki iri ɗaya. To in mota ta yi ham daidai kan wutsiyar kalma, ko injin casa ya tashi, me zai faru?

An gwada wannan. A shekarar 1970 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Richard Warren ya ɗauki wata jimla a faifai, ya yanke harafi ɗaya daga tsakiyar wata doguwar kalma, ya sa tari a gurbinsa. Da ya kunna wa mutane, kusan dukansu suka ce babu abin da ya ɓace. Sun ji kalmar a cike, sun kuma ji tarin, amma sun kasa faɗin daidai inda tarin ya faɗo. Da ya cire tarin ya bar wurin shiru, sai suka gane akwai giɓi. Wato in ƙara ta rufe wani yanki na magana, ƙwaƙwalwa takan cike gurbin da abin da take tsammani, kuma ba ta gaya wa mai ita cewa ciko ta yi. Shi dai ya ji, har ga Allah ya ji. Wannan ne ya sa iyayenmu suke bin labarai a gajeren zango duk da shuuu ɗin da ke tashi yana sauka, su kashe rediyo su ba ka labari tsaf.

Saboda haka mutumin da ya kwana da lissafin buhu goma sha biyar a ransa, wataƙila ma ya riga ya yi maganar mota a kan haka, in ya ji "goma sha biy" sannan ƙara ta gifta, biyar zai ji. Mu ba alƙalai ba ne, kuma ba mu ce duk mai rantsuwa mai gaskiya ne ba, kasuwa ta tara kowa. Abin da muke cewa shi ne, ana iya samun saɓani irin wannan ba tare da maƙaryaci ko ɗaya a ciki ba, kuma ya kamata masu sulhu su san haka kafin su ɓata sunan wani.

Ita ma wayar tana da nata laifi. Kunnen matashi mai lafiya yana kama sauti tun daga mai kaɗawa sau 20 a daƙiƙa har zuwa sau 20,000. Layin tarho na asali kuwa daga 300 zuwa 3,400 kawai yake ɗauka, kiran salula na yau da kullum ma a kan wannan ma'auni aka fara gina shi. Haruffa irin su "s" da "sh" da "ts" da "f" yawancin ƙarfinsu yana can sama, inda waya ke yankewa. Tun da salula ta shigo ƙasar nan a 2001, cinikin da a da sai an haɗu ido da ido, an taɓa buhu an ƙirga, ya koma ta wannan ƙuntatacciyar hanya, kuma sau da yawa duka masu maganar a tsakiyar hayaniya suke.

Maganin abin ba ya cin ko kwabo. In an faɗa maka lamba, ka mayar wa mai faɗin, amma da wata siga dabam. Kada ka ce "sha biyu ko?", domin shi ma kunnensa zai iya yi masa irin cikon da naka ya yi maka. Ka ce "sha biyu, wato dozin ɗaya", ko "sha biyar, biyar-biyar sau uku", ko "takwas, huɗu da huɗu". In da hali a bi da saƙon rubutu da alƙaluma. Wannan ba ƙauyanci ba ne. Matuƙan jirgin sama doka ce a kansu su maimaita umarnin da hasumiya ta ba su, Jamusawa kuma da suka ga biyunsu da ukunsu suna kama da juna a waya, sai suka sake wa biyun lafazi. Manoma ma su kula da wannan. In ka ji a rediyo ko a bakin wani cewa murfi kaza na maganin feshi ake zubawa a tanki, kada ka dogara da jin farko. Tsakanin murfi biyu da murfi biyar akwai gonar da za ta ƙone. A duba jikin kwalba, ko a sake tambayar malamin gona.

Wuri ma yana fassara magana. In ka ji an ce "ɗari biyu" wurin mai kasa tumatir a Danja, ka san naira ɗari biyu ake nufi. In ka ji ta a kasuwar dabbobi ta Sheme, dubu ɗari biyu ce, ba wanda zai tsaya faɗin dubun. Baƙon da ya koyi Hausa a littafi ya san albarka abu ne mai kyau, sai ya taya kaya a ce masa "albarka", ya sa hannu aljihu yana murna, bai san an ƙi tayinsa ba ne. Kunnensa ya ji daidai, ƙamusunsa ma bai yi ƙarya ba, kasuwar ce bai sani ba.

Abin da takarda ba ta nunawa

Hausa tana da wasu alamomi biyu da kunne ke dogara da su, waɗanda rubutunmu na boko bai damu da su ba. Na farko jan wasali. Dawa da ake shukawa da dawa inda namun daji suke, rubutunsu ɗaya, amma a ta farko ana jan "da", a ta biyu ana datse ta. Haka gari na tuwo da gari na mutane. Na biyu hawa da saukar murya, abin da malamai ke kira karin sauti. Kukan yaro murya a sama take tafiya har ƙarshe, kukar miya kuwa sai ta hau ta sauko. Wuyan da ake rataya laya da wuyar da ake sha, juyin murya ne ya raba su. Gado na kwanciya da gado na magada sun haɗa duka biyun. Ba wanda ya zaunar da ɗan Bakori ko ɗan Ƙafur ya koya masa wannan, amma ko cikin barci ka faɗa masa ɗaya ba zai ɗauka ɗayar ba ce. Bargery, wanda ya fitar da babban ƙamusun Hausa a 1934, sai da ya bi kalmomi yana nuna karin kowace, domin ya san Baturen da zai karanta ba shi da wannan kunne. Mu ma masu karanta sanarwa a rediyo dole mu bi takarda da ido tukuna kafin a buɗe mana makirfo, in ba haka ba sai a mayar da rabon gado rabon kayan ɗaki.

Masu kalangu sun daɗe da sanin wannan sirri. Kalangu ba shi da harshe, ba ya iya furta "b" ko "k", hawa da saukar murya kawai yake kwaikwaya in makaɗi ya matse tsarkiya ko ya sake ta. Duk da haka mahauci yana jin takensa ya san da shi ake. Mutanen Funtuwa da suka zauna da marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sun san yadda kalangan makaɗansa suke kamar suna magana. Sai dai wanda ya riga ya san taken ne kawai ke jin kalmomin. Kalangu ya ba da ƙashi, mai saurare ya sa nama daga abin da ke kansa. Kukan kurciya jawabi ne, in ji masu iya magana, mai hankali ke ganewa.

Yaushe aka koyi duk wannan? Tun ana goye. A 1984 wasu masana a Kanada, Janet Werker da Richard Tees, sun gwada jariran da ake yi wa Turanci a gida da wasu haruffa na harsunan da ba su taɓa ji ba, ciki har da masu fita da matsewar maƙogwaro irin "ƙ" ɗinmu. 'Yan wata 6 zuwa 8 suna bambanta su sarai. Kafin su cika shekara, yawancinsu sun daina. Kunne ya zaɓi harshen gida ya rufe ƙofa. Shi ya sa wanda ya koyi Hausa da girma yake fama da karya da ƙarya, ko baki da baƙi, mu yi ta dariya muna cewa bakinsa ne ya ƙi, alhali tun a kunne abin ya haɗe masa. Mu ma haka muke a harshen wasu. Turanci yana jera baƙaƙe biyu ko uku ba wasali a tsakani, kunnen Bahaushe bai saba ba, sai ya cusa nasa, muka sami burodi da fulawa da sukudireba. Tsakanin Hausa da Hausa kuwa gyaran ba ya ɗaukar lokaci. Basakkwace ya sauka da kaya ya ce "biyat", ya ce "tahi", ya ce "kassuwa", kafin ku gama gaisawa kunnenka ya daidaita da shi. A nan akwai jan hankali ga iyaye mata. Da yake a shekarar farko ake wannan gini, jaririn da ba ya firgita da ƙara, ko ya kai wata tara ba ya juyowa in an kira shi ta baya, a kai shi a duba kunnensa, kada a zauna jiran ya yi baki.

Maganar tsoho

Yanzu mu dawo Malumfashi. Mun ce ƙwayoyin da ke bakin ƙofar katantanwar kunne su ke amsa siririn sauti. To su ne kuma suke fara mutuwa in shekaru suka ja, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana su walwala. Wasula, wato a, i, u da 'yan uwansu, sauti ne mai kauri da ƙarfi, suna isa. Baƙaƙe irin su s, sh, ts, f, t, k sirara ne marasa ƙarfi, su ke ɓacewa a hanya. Wanda ya yi makarantar allo ya tuna babbaƙu da farfaru. A ce an ba ka allo an wanke babbaƙun an bar maka wasulan kawai, ka ga akwai rubutu, amma me za ka karanta? Haka tsohon nan yake. Sauri da tsauri ɗaya suke zo masa, fata da sata ɗaya, shafi da tsafi ɗaya. Da ya ce yana ji amma ba ya ganewa, ya faɗi ciwonsa daidai yadda likita zai faɗe shi.

To me ya sa yake jin sunansa? A 1953 wani masani ɗan Ingila, Colin Cherry, ya sa wa mutane magana biyu dabam-dabam, ɗaya a kowane kunne, ya ce su bi ɗaya kawai. Da aka tambaye su abin da ya gudana a ɗaya kunnen, ba su san komai ba, har an juya daga Turanci zuwa Jamusanci ba su lura ba. Amma a 1959 Neville Moray ya jefa sunan mai sauraren a cikin maganar da ba a bi, sai wajen kashi ɗaya cikin uku suka ji shi. Sunan mutum shi ne kalmar da ya fi kowace ji tun yana cikin zanen goyo, ɗan ɓurɓushinta ya isa a gane ta. Haka kalmomin da ya shekara hamsin yana juyawa a kasuwa, naira, bashi, buhu, tiya. Waɗannan ko rabinsu ya iso ƙwaƙwalwa za ta cike sauran. Labarin da jikarsa ta kawo daga makaranta kuwa, da sunayen da bai taɓa ji ba, babu abin cikawa. Wannan ba ganin dama ba ne, kuma cire shi daga shawara zalunci ne da ba a yi niyya ba.

Akwai wani abu kuma da na daɗe ina lura da shi a gidajenmu. Tarbiyyarmu ta ce in za ka yi wa babba magana ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka yi ƙasa da murya. Suruka ma daga bayan ƙyaure za ta gaishe shi, fuska a juye. Ladabi ne mai kyau, amma ga mai raunin ji duk ƙofofinsa aka toshe, domin ido ma yana jin magana. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald a Ingila sun nuna wa mutane hoton bakin da ke cewa "ga", suka ɗora masa muryar da ke cewa "ba". Yawancin manya suka ce "da" suka ji. Da suka rufe ido, sai ga "ba" ta fito sarai. Kowa yana karanta leɓe ba tare da ya sani ba, mai raunin ji kuwa da shi yake rayuwa. Ku lura, tsohon nan ya fi ganewa da rana a kan da dare a zaure ba fitila. Lokacin korona a 2020 da aka rufe baki da takunkumi, mutane da yawa a duniya a nan suka fara gane jinsu ya ragu.

Saboda haka malama, ki gaya wa 'yan gida su durƙusa ɗin, amma a gabansa, inda haske ke kan fuskar mai magana. A kashe rediyo tukuna, kuma mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda. A fara da sanar da shi kan zancen, a ce "Baba, maganar taki ce", a ɗan dakata, sannan a shiga, domin in ya san unguwar da aka nufa zai gane gidan. In bai gane ba, kada a maimaita kalmar nan sau uku ana ƙara ƙarfi, a sake ta da wata. Ihu wasula yake ƙara wa ƙarfi, waɗanda dama yana jin su, ga shi kuma yana ɓata wa dattijo rai. A yi magana a sarari, a natse, ba tare da jan kalma kamar ana yi wa yaro ba.

Kuma a kai shi a duba. Wani lokaci dauɗar kunne ce ta taru ta toshe hanya, a wanke a asibiti ji ya ƙaru a ranar. Kada a sa tsinke ko ashana, kada a ɗiga mai ko ruwan wani ganye. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyarmu ta zuwa Zariya, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Za a auna a ga irin sautin da ya ɓace, in na'urar ƙara ji ce ta dace a daidaita ta da kunnensa, domin wadda aka saya a tebur ba awo takan ƙara hayaniya ne kawai.

Ba tsufa kaɗai ke kashe ƙwayoyin nan ba. Sanƙarau yana yi, kuma waɗanda suka ga annobar 1996, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, sun san yaran da suka tashi daga ciwon ba su ƙara ji ba. Ƙyanda da hangum suna yi, wasu allurai irin su jentamaisin ma suna yi in aka yi su barkatai ba da umarnin likita ba. Sai kuma ƙara. Matasanmu masu aiki a injin niƙa, da injin casa, da wurin gurzar auduga, da masu kwana kusa da janareta, ga ma'auni mai sauƙi. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu huɗu daga gare ka ya ji ka, to ƙarar wurin tana cin kunnenka a hankali. In ka tashi aiki kana jin kunnenka yana ƙugi, gargaɗi ne. Abin toshe kunne na roba ba shi da tsada.

Akwai kuma wani nau'i dabam da ya kamata kowane gida ya sani, inda kunne lafiya lau, mai shagon ne ya sami matsala. Wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya bayyana shi tun 1874. Akwai wani yanki a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, sama da kunne kaɗan, wanda in jini ya daina isa gare shi mutum zai riƙa jin Hausar da aka haife shi a cikinta kamar baƙon yare. Yakan yi ta magana da sauri, kalmomi a hargitse, shi bai san ba a gane shi ba. Bambancinsa da na tsohon Malumfashi shi ne, wancan a hankali ya zo cikin shekaru, wannan kuwa farat ɗaya yake zuwa, mutum ya karya kumallo lafiya, kafin azahar ya rikice. Sau da yawa a ce iska ce ta taɓa shi ko tabin hankali, a tsaya ana hayaƙi. Alama ce ta shanyewar ɓarin jiki, ko da hannu da ƙafa suna motsi, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari. A yi addu'a a cikin mota, amma a nufi babban asibiti a wannan sa'ar, kada a bari sai gobe.

Sauran wasiƙun da suka iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.